In na yi tunani agogo shi cinye ni, in na yi sauri in ba da sarauniya, mi ab abin yi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar gida, an wuni lahiya, ya zahin gari. Don Allah masu buga ces (wasan chess) a waya ku taimaka mani da shawara don abin ya hwara ba ni haushi. Ban daɗe da koyo ba, wani abokina na da muka zama shagon caji tare yak koya mani yadda kowane ɗa ka tahiya, daga nan sai na buɗe akawun a Lichess, dandalin buga ces a intanet, ina buga na minti 3 ɗin nan da aka ce ma bilis. Sunka ba ni maki 1500 da alamar tambaya a gaba ni har ina murna na ɗauka wani abu na, kahin in ankara na gangaro ƙasa da 1000, nan nika ta lilo yanzu, in na ɗan hau sai in sake zubowa.

Matsalar kashi biyu ta. In na tsaya in yi tunani sai agogo shi ƙare mani alhali ni ka da 'ya'ya da yawa bisa allo, mutum na da sarki da soja biyu amma shi ac ci wasa. In kuma na ce bari in yi sauri sai in aje sarauniya daidai bakin doki a ɗauke ta banza, ko in bar ruk a buɗe ban ma gani ba sai da anka ci. Sannan akwai waɗanga masu hiddo sarauniya tun tahiya ta biyu su kawo ta gehe, kahin in gyara zama an gama da ni cikin tahiya huɗu, wallahi wanga ya hi komi ƙona mani rai.

To mi za ni yi, in zauna in haddace buɗin wasa irin na manya ko ko in ci gaba da bugawa hannu shi saba? Kuma ku yi la'akari ba ni da data ta kallon bidiyon awa guda, sannan da waya nika bugawa ba kwamfuta ba.

Malam na Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka kwantar da hankali kan maganar 1500, kowa haka Lichess ke ba shi ranar da ya buɗe akawun, alamar tambayar nan tana nufin ba su san ƙarfinka ba tukuna, shi ya sa wasannin farko in an ci ka sai ka ga maki mai yawa ya tafi lokaci ɗaya. Ba faɗuwa ka yi ba, sun dai kai ka inda kake ne.

Ni a ganina agogo ba shi ne ciwonka ba. Yi lissafi, minti 3 daƙiƙa 180 ke nan, in wasa ya kai tafiya 40 kana da daƙiƙa huɗu da rabi a kowace tafiya. A cikin huɗu da rabi babu wanda ke tunani, har manyan gwanayen duniya su Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura da kake gani hannunsu na gudu ba lissafi suke daga tushe ba, sun taɓa ganin irin zaman nan sau ba adadi shi ya sa ido na sauka hannu ya san inda za shi. Kai kuma ba ka tara komai a ka ba tukuna, kowane zama sabo ne a wurinka, dole ka tsaya, in ka tsaya agogo ya ci ka in ba ka tsaya ba ka yi kyautar sarauniya. Bilis wurin kashe abin da ka tara ne, a wasa mai tsawo ake tarawa.

Don haka ka koma na minti 10, ko ma 15+10 wato minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 duk tafiyar da ka yi. Na san za ka ce ba daɗi, ka daure. Kuma kada ka je can ka riƙa bugawa da saurin bilis ka tashi wasa da minti 8 a agogo, yara da yawa haka suke yi, an ba su lokaci sun ƙi ci. Kafin ka taɓa kowane ɗa ka tambayi kanka abu biyu kawai, wannan tafiyar da ya yi yanzu me take nema a wurina, sannan in na ajiye ɗana a gidan nan wa zai iya cinye shi. Shi ke nan. A ƙasa da 1000 kusan duk wasan da na duba na yaran da nake koya wa ba dabara ce ta ci su ba, wani ne ya bar ɗa a buɗe ɗayan ya ɗauka, wani lokaci ma su biyun ba wanda ya gani sai ɗan ya yi tafiya biyar yana zaune a bakin kura.

Ka san darajar 'ya'ya ma don kada ka yi musaya ta asara, soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. In ka ba da ruk ka karɓi doki an cuce ka ko da ka ji daɗin cin.

Maganar haddace buɗi kuwa, bar shi. Abokin karawarka a wannan mataki ba zai bi littafi ba, tafiya ta uku zai kauce ka rasa abin yi da haddar. Ka riƙe tsari ɗaya in kai ne mai fararen 'ya'ya, soja e4, doki f3, bishof c4 (harafi da lambar nan sunan gida ne a allo), ka yi kasul, wato tafiyar da sarki da ruk ke yi tare, sarki ya shige lungu, sannan ka fito da sauran. Kada ka motsa ɗa ɗaya sau biyu alhali 'yan uwansa na barci a gida sai da dalili. In ka buga tsari ɗaya kullum tafiya shida bakwai na farko ba za su ci maka ko daƙiƙa goma ba, ka ga ka ajiye lokaci don tsakiyar wasa.

Masu fito da sarauniya h5 kuwa ga maganinsu, ka rubuta a takarda. Ya buga e4 ka buga e5, ya kawo sarauniya h5. A nan sojanka na e5 take hari, kada ka yi gaggawar tura g6 don zai cinye e5 da cek, wato hari kan sarkinka, ya haɗa da ruk ɗinka na h8. Ka fara fito da doki c6 ya tsare sojan. Sai ya kawo bishof c4, yanzu f7 suke nema su biyun, a nan ne za ka tura g6. Zai ja sarauniya f3 yana sake leƙen f7, ka sa doki f6 ka toshe. Ƙarshen barazana ke nan, kai ka fito da dawaki biyu shi yana ta yawo da sarauniya. Wanda ya saba cin mutane da wannan yawanci ba shi da wani abu bayansa, za ka ga ya rikice.

Yaron Dandima:

Malam da girmanka amma ni ban yarda da kai duka ba hhh. Wato mutum ya ce bilis shika so ka ce shi koma minti 15, yayana in ka bi wagga shawara kaɗai za ka iya ces amma ranar da ka dawo minti 3 hannunka zai yi nauyi wallahi, na ga masu 1500 a rafid, wato wasa mai tsawon nan, da in sunka shigo bilis ana wanke su saboda ba su san agogo ma ɗa na cikin 'ya'yan wasa ba. Ni ban ce ka bar mai tsawo ba, yi duka biyu, amma ka daina 3+0 ka koma 3+2 ko 5+3. Ƙarin daƙiƙa biyun nan ba wasa ba na, tahiya 40 ta ba ka ƙarin daƙiƙa 80, kuma in kana da sarauniya shi ba shi da komi ba mai cinye ka da agogo tunda kowace tahiya ana ƙara maka. Ko gasar bilis ta duniya da FIDE, hukumar ces ta duniya, ka shiryawa 3+2 aka bugawa, to mi za ya sa kai sabon shiga da waya a hannu ka zaɓi wanda ya hi wuya.

Sannan tunda da waya kaka bugawa shiga saitin ka gyara abubuwa. Ka kunna cewa in soja ya kai ƙarshe shi zama sarauniya kai tsaye ba sai an tambaye ka ba. Ka kashe wancan na tabbatar da tahiya in a kunne yake. Ka gwada taɓa ɗa sannan ka taɓa gidan da za shi maimakon jan shi da yatsa, don da zuhwan nan na Sakkwato yatsa na santsi bisa gilashi ka nuhi e4 ɗa shi sauka e3, ba mai maido maka. Firimuf kuma, wato ka buga taka tun shi bai buga ba, a Lichess ba ya cin lokaci ko kaɗan amma guda ɗaya aka yi, a Chess.com, wani dandalin irin Lichess, kana iya jera da yawa amma kowane na cin 0.1 na daƙiƙa. Kada ka yi shi sai wurin ramuwar ci, misali ka san in ya ci dokinka za ka ci nashi, in bai ci ba firimuf ɗin ya soke kanshi ba asara. Amma ka yi firimuf haka kawai tsakiyar wasa to kai ka miƙa sarauniya da hannunka.

Wani abu da ba a gaya ma sabbi, lokacin da shi yake tunani kai ma lokacinka na, kyauta. Kada ka zauna kana kallon agogonshi kana addu'a shi ƙare, duba allo, shirya in ya yi kaza ni kaza za ni yi. Kuma in sabis na rawa kada ka shiga bilis sam, tsakanin magariba da ƙarhe goma layina ba ya zama, ni sai dare ya raba ko da sahe nika buga mai sauri. In waya ta yi zahi tana caji ma aje ta, tana ja da baya ba ka sani ba. Data kuwa kada ka damu, wasan kanshi ba ya shan komi, bidiyo ka sha.

Baba na Kanwuri:

Ni ban san wanga wasa naku na waya ba sosai, jikana ka nuna mani, amma na yi shekaru ina buga dara a ƙasa, gurbi talatin kowa da 'ya'ya sha biyu. Ɗana abin da Malam yag gaya maka shi na gaskiya. Mu a dara yaro in ya zo koyo 'ya'yanshi kaɗai shika kallo, shina ƙoƙarin jera ukunshi, bai ga cewa na gabanshi saura ɗa guda shi jera ba. Gwani kuwa hannun abokin wasa shika hwara dubawa kahin nashi. Kuma ba mu taɓa koya ma yaro sauri ba, in ya san wasa saurin na zuwa da kanshi har sai an ce mai shi dakata. Allah shi ba da sa'a, amma in an kira salla a aje wayar, na ga jikan nawa na cewa bari in ƙarasa saura minti guda.

Ɗalibar Dundaye:

Baba amin, kuma wannan saura minti gudan ba ya ƙarewa, mun sani.

Ɗan Mabera ni zan taɓo inda ba su taɓa ba. Ka ce kana da 'ya'ya da yawa agogo ya ci ka, to ina zargin ba ka iya ƙarasa wasa ba ne, kana da sarauniya kana ta ba da cek nan cek can sarki na zagaye allo daƙiƙa na tafiya. Ni ma haka nake gani wurin ƙawayena a hostel da muke bugawa. Kashe sarki da sarauniya ba ya wuce tafiya 10 in an buga daidai, da ruk ɗaya ba ya wuce 16, kuma abu ne da za ka koya a zama ɗaya. Na sarauniya, ka riƙa ajiye ta nesa da sarkinsa kamar tsallen doki, ba cek, kana matse shi kana rage masa fili har ya koma lungu, in ya rage masa gida biyu da yake kai da komowa ka tsaya da sarauniya haka nan, ka tako da sarkinka kusa sannan ka kashe. In ka ƙara matsawa ya rasa inda zai taka kuma ba cek a kansa, wasa ya tashi canjaras, kai da sarauniya guda ka raba maki da mai sarki tsirara. Na ruk biyu ya fi sauƙi, ɗaya ya tare layi ɗaya ya ba da cek suna hawa bi da bi har bango. A Lichess akwai sashen koyo da za ka maimaita waɗannan da kwamfuta kyauta, ka yi ta yi har ka iya ba tare da ka tsaya ba.

Ka kuma san wannan dokar don tana ceto, in agogonka ya ƙare amma shi sarki kaɗai ya rage masa, canjaras ne ba ci ba. Don haka in ka ga saura daƙiƙa kaɗan kuma ba za ka iya kashewa ba, bi sojojinsa ka cinye su tas.

Fazul kuma, wato zaman wasa da ake ba ka ka nemo tafiyar da ta fi, ka riƙa yi kullum, ko minti goma ne kana jiran keke ko layin cirar kuɗi. Ka fi ba da ƙarfi ga masu sauƙi, doki ya kama biyu lokaci ɗaya, ɗan da aka ɗaure ba ya iya motsi don sarki na bayansa, kisan layin baya inda sarki ke maƙale bayan sojojinsa uku ruk ya sauko ya gama da shi. Wannan na ƙarshen in wasa ya lafa ka tura h3 ka ba sarki taga. Kada ka yi canke, sai ka ga amsar har ƙarshe a kanka sannan ka taɓa. Na Lichess ba iyaka, na Chess.com in ba ka biya ba akwai adadin da ake ba ka a rana.

Sai maganar zuciya, wadda ita ce ta fi zubar min da maki. In an ci ka biyu a jere ka rufe, wasa na uku da haushi za ka buga shi, na huɗu kuma ba ka ma ganin allo. Maimakon ka danna sabon wasa ka buɗe wanda aka ci ka, ka nemo da kanka tafiyar da abu ya lalace kafin ka kunna Stockfish, manhajar da ke duba wasa, ya nuna maka, guda ɗaya tak ta isa ba sai ka bi duk jajayen alamomin ba. In lambar maki na tayar maka da hankali akwai saitin da ke ɓoye ta lokacin wasa, ni tun da na kunna shi na daina tsoron masu maki sama da nawa.

Ɗan Mabera:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri, Baba na ji kuma za a gyara in sha Allahu. Anti kin gano ni, canjaras ɗin nan da sarauniya a hannu ya sha hwaruwa da ni ina cewa waya ta ta lalace don ban ga dalilin da wasa yat tsaya ba.

Malam na gwada abin da kac ce na doki c6 sannan g6 ya yi aiki, mutumin har ya bar bishof na ci. Amma ga wani kuma, ina da baƙi, e4 e5, ya hiddo doki f3 na sa doki c6, ya sa bishof c4 na sa doki f6 awa yadda kac ce a hiddo 'ya'ya, sai kawai dokinshi yat tsallako g5, su biyu bisa f7 kuma. Na tura h6 in kore shi sai yac ci f7 ya kama sarauniya da ruk. Nan mi aka yi?

Malam na Arkilla:

Wannan tsohon tarko ne, kowa sai ya faɗa sau ɗaya. Hanya mafi sauƙi kada ka bari ma a je can, idan ya sa bishof c4 kai ma ka sa bishof c5 maimakon doki f6. Dalili, muddin dokinka bai zauna f6 ba sarauniyarka daga d8 tana ganin g5, in ya yi gangancin tsallakowa ka cinye dokin kyauta. Bayan nan sai ka fito da doki f6 ka yi kasul, in ka yi kasul ruk ya zo f8 ya tsare f7, maganar ta mutu.

In kuma ka riga ka sa f6 ya zo g5, amsa ita ce d5, ka toshe wa bishof hanya. Zai ci da soja, to a nan kada ka rama da doki don zai watsa dokinsa a f7 ya jawo sarkinka tsakiyar fili, a minti 3 ba za ka iya kare wannan ba. Ka kai dokin c6 zuwa a5 ya taɓa bishof ɗin. Za ka rasa soja ɗaya amma 'ya'yanka za su fito da wuri. Ni dai a matakinka c5 nake ba ka, ba hadda a ciki.

Yaron Dandima na karɓi maganar 3+2 da 5+3, ka yi gaskiya a nan, amma sharaɗina ya buga mai tsawo ɗaya ya duba shi kafin ya taɓa bilis a ranar. Sannan Ɗan Mabera in ka samu allo na hannu ku riƙa bugawa da abokin nan naka a shagon caji ba agogo, ku yarda a mayar da tafiya a tattauna. Tunde Onakoya, gwanin ces ɗan Najeriya da ya yi awa 60 yana bugawa a New York a 2024 ai a shagon aski ya fara koyo a Ikorodu. Turo min wasan da aka kama maka sarauniya da ruk ɗin in duba, ina son ganin abin da ka buga bayan ya ci f7.

Yaron Dandima:

Malam ka yarda da ni yau sai in rubuta kwanan wata. Ɗan Mabera in ka shirya turo mani gayyata 5+3 bayan isha'i, ba na maki ba, kuma zan zo maka da g5 ɗin nan in ga ko ka karanta.